Kafin Ka Kwance Farfela: Jagorar Kula da Tsohuwar Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Motocin da ke ja da ƙafa huɗu sun cika garuruwanmu, kuma akasarinsu da tsufansu suka iso mana. RAV4, Highlander, Lexus RX300, Honda CR-V, Subaru Forester, jefi-jefi Freelander ko Volvo XC90, duk sai da suka gama yayinsu a kan ƙanƙarar Amurka da Turai, sannan aka sauke su a Kwatano ko Legas, suka shigo zafinmu da ƙurarmu. Motoci ne masu juriya, amma muna kashe su da hannunmu ta hanya ɗaya da nake gani kullum. Mota za ta shigo gareji tana gurnani idan an sha kwana, kafin mai ita ya gama bayani yaro ya riga ya kwanta ƙarƙashinta ya kwance farfela ya jefa a but. Ƙara ta ɗauke, Alhaji ya biya yana sa albarka, har a ƙara masa da cewa yanzu za ta rage shan mai. Alhali ba a gyara komai ba, ciwon yana nan, kuma a wasu motocin an buɗe masa sabuwar ƙofa.

Don haka na rubuta wannan, domin masu koyon aiki da masu motar da suke son sanin abin da ake yi musu. Ba ina magana kan irin Hilux ba, wadda direba ke saka ogzilari da hannunsa idan ya shiga yashi ya cire idan ya hau kwalta. Ina magana ne kan motar da ke raba ƙarfi da kanta ba tare da an tambayi direba ba.

Kayan aiki

Ka tanadi awon tela da alli, da ma'aunin iskar taya mai gaskiya. Ka samu jak da ƙafafun tokare mota guda huɗu, ba biyu ba, da fitilar hannu. Cikin sifanoni kada ka rasa alanki mai lamba 10 da soket 24 don fulogan Toyota, su kuwa na CR-V kan raci mai kusurwa huɗu ne yake shiga cikinsu kai tsaye. Sai ɗan famfon hannu ko sirinji babba da tiyo na ɗura mai, farin kwano mai tsabta na tarar tsohon mai don ka ga launinsa, sababbin washa, da na'urar karanta kwamfutar mota wadda take shiga ɓangaren ABS, ba inji kaɗai ba.

1. Fara sanin wace iri ce a gabanka

Rubutun da ke bayan but ba hujja ba ne, ana canza shi. Leƙa ƙarƙashi. Yawancin waɗannan motoci kamfani ya yi su iri biyu, mai jan gaba kawai da mai jan huɗu. Idan ka ga aksil a baya da shaf biyu sun tafi ƙafafun baya amma babu farfela a tsakiya, wani ya riga ka zuwa ya cire ta, kuma ba ya cirewa sai da dalili. Mai sayen mota ya riƙe wannan tun a wurin dillali.

Masu jan huɗun ma iri biyu ne. Iri na farko su ne waɗanda ƙafafun huɗu ke ja a kowane lokaci, kamar RX300 ta 1999 zuwa 2003, RAV4 ta 2001 zuwa 2005, da Subaru mai giyar hannu. Suna da difarenshal na uku a tsakiya mai raba ƙarfi gaba da baya, tare da wani rufaffen gwangwani mai jerin faranti cikin man silikon mai kauri. Idan gaba da baya suna juyawa daidai, farantan suna tafiya tare, babu abin da ke faruwa. Da zarar ɓangare ɗaya ya fara zarce ɗaya, man ya ɗau zafi ya riƙe farantan, ƙarfi ya koma inda taya ke da kamu. Freelander ta 1997 zuwa 2006 ma tana da wannan gwangwani, amma nata a jikin farfela yake.

Iri na biyu gaba ne ke ja, baya yana jira sai an buƙace shi. Tsohuwar CR-V tana da famfo biyu a cikin aksil na baya, ɗaya farfela ke juya shi, ɗaya ƙafafun baya. Idan gaba ya yi santsi, famfon farko ya fi na biyu gudu, matsin mai ya danne kuloci, baya ya kama. Babu waya ko ɗaya a wannan tsari, mai ne ke yin aikin gaba ɗaya. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 kuwa maganaɗisun lantarki ne ke danne mata kuloci bisa umarnin kwamfuta, XC90 da Tiguan kuma suna amfani da na'urar Haldex mai nata man na daban. Subaru otomatik mai giya huɗu tana da nata kuloci a wutsiyar giyabos.

Wannan sanin shi ne zai gaya maka man da za ka zuba da abin da za ka zarga idan ƙara ta taso.

2. Tayoyi, kafin ka taɓa sifana

Nan ne mafi yawan ɓarnar take farawa, kuma nan ne aka fi rainawa. Ƙafafun motar nan a ɗaure suke da juna, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya: idan takunsu bai zo ɗaya ba, karkiyar ce ke shan wahala. Taya ƙarama dole ta fi babba yawan juyawa kafin su ci tafiya ɗaya. Na'urar tsakiya ba ta san girman taya ba, abin da ta sani kawai shi ne wani ɓangare yana zarce wani, sai ta ɗauka santsi ne ta yi ta ƙoƙarin riƙewa, a kan busasshiyar kwalta, tun daga fita gida har dawowa.

Mu yi lissafi da tayar CR-V ta 2002, mai lamba 205/70R15. Kewayenta ya kusa mita 2.1, tana juyawa wajen sau 476 a kilomita ɗaya. Sabuwa tana da zanen da ya kai zurfin milimita 8. Idan ka haɗa ta da wadda ta cinye ta koma milimita 3, bambancin kewayensu ya haura santimita 3, wato tsohuwar tana ƙara juyi kusan bakwai a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, juyi sama da 1,500 ke nan da na'urar tsakiya za ta haɗiye, duk su zama zafi. Idan kuma mai faci ya ce babu 70 sai 65, ai duk 15 ne, ka karɓa, bambancin ya ninka. Kamfanin Subaru ya ƙayyade kada kewayen tayoyin ya bambanta fiye da rubu'in inci, kimanin milimita 6, kuma ni da wannan ma'auni nake aiki a kan kowace mota irin wannan.

Ga yadda za ka auna. Daidaita iska tukuna bisa takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 33 ne, ba 45 ko 50 da ake ɗurawa a bakin titi ba, domin tayar da iskarta ta yi ƙasa ta zama ƙarama. Tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sa alli a gindin kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, sannan a tura ta a miƙe har taya ɗaya ta yi juyi goma. Duba sauran ukun. Idan allin wata ya kauce fiye da santimita 6, ta fita daga ƙa'ida. Ko ka ɗaga kowace ƙafa ka zagaya awon tela ta tsakiyar zanen.

Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya sayen sababbi huɗu rana ɗaya ba, tayar Kwatano muke saye. To a saye ta da awon tela a hannu. Lamba ɗaya, kamfani ɗaya in da hali, kewaye ɗaya. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban suna iya bambanta. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Bayan haka a riƙa juya na gaba zuwa baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye tare.

3. Gwajin kwana, da sauraron ƙara

Bari motar ta yi tafiya ta ɗau ɗumi, domin gwangwanin silikon da ya fara lalacewa yakan ɓoye halinsa da sanyi. Nemi fili mai kwalta ko siminti, murza sitiyari har ƙarshe, ka bar ta tana tafiya a hankali ba tare da taka totur ba, zagaye dama, zagaye hagu, sannan da ribas. A kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin doguwar hanya, lafiyayyar mota tana barin wannan bambanci ya wuce sumul. Idan ta turje kamar an ja birkin hannu, ko tana tsalle-tsalle, ko tayar baya tana kartar ƙasa, tsakiya ya ƙi saki. Kada ka yi gwajin a kan yashi, taya za ta zame ta rufe maka matsalar.

A CR-V wannan gurnani kusan kullum tsohon mai ne a aksil na baya, kuma an sha sayar wa mutane sabon aksil a kan abin da lita ɗaya ta mai za ta warkar. A Subaru otomatik mai giya huɗu yawanci akwai ramin fiyus da aka rubuta wa FWD a cikin bonet. Sa fiyus a ciki, fitilar FWD za ta kama, motar ta koma jan gaba kawai. Idan turjewar ta ɓace, lantarkin yana aiki, sai ka koma kan tayoyi da man giyabos. Idan ba ta ɓace ba, ko bawul ɗin lantarkin ya mutu ko farantan sun manne. A Freelander kuwa kada ka yi wasa da turjiya ko kaɗan, gwangwanin da ya sandare yana cinye akwatin raba ƙarfi na gaba, wato ogzilari, da aksil na baya duka biyu, kuɗinsu kuma ya ninka nasa.

Sauran ƙararraki kowace da muryarta. Ƙas-ƙas-ƙas a kwana tare da totur, kan shaf na waje ne. Guɗa mai ƙaruwa da gudu, wadda ke sauyawa idan ka karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin ƙafa ne. Kuka mai zuwa idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki, haƙoran aksil ko na ogzilari ne. Karkarwa a ƙarƙashin kujera, kuros ɗin farfela ko boris ɗinta na tsakiya. Ƙwal guda idan ka sa D ko R, kuros mai wasa ko bushin da ke riƙe aksil. Taya mai cin tudu da kwari ma tana guɗa irin ta boris, saboda haka juya tayoyin ka sake saurare kafin ka yanke wa ƙarfe hukunci.

4. Man da kowa ya manta da shi

Mai mota ya san baƙin mai, wani ya san man giyabos. Amma a ƙarƙashi akwai wasu ma'ajiyai biyu, ogzilari da aksil na baya, kowanne bai cika ɗaukar fiye da lita ɗaya ba. Ƙanƙantar man ita ce hatsarin: ɗigon da ba zai dami inji ba zai busar da ogzilari cikin 'yan watanni, babu fitilar da za ta kama, sai dai ka ji kuka. A RX300 da Highlander ogzilarin yana maƙwabtaka da salansa, yana gasuwa, ga kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40.

Tokare motar ta zauna daidai, ba gaba sama baya ƙasa ba, in ba haka ba awon mai zai yi maka ƙarya. Sannan ka kwance fulogin sama na zubawa kafin na ƙasa na tsiyayewa. Na nanata wannan saboda motar da ta sha gishirin titunan ƙanƙara fuloganta sukan ci tsatsa, idan ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka tsayar da motar mutum babu hanyar mayar mata da mai. Share ramin alankin da waya, buga shi ya zauna har gindi kafin ka murɗa. Ka kula da hannunka, man da ya dawo daga tafiya yana ƙuna.

Tari man a farin kwano ka karanta shi. Baƙi mai warin ƙuna ya daɗe ko ya sha zafi. Mai launin shayi da madara ruwa ya shiga. Wannan yana yawan faruwa da damina: aksil yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa, idan ya shiga ambaliya da zafinsa sai ya huce farat ɗaya ya zuƙo ruwa ta nan. Duk motar da ta ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya, a duba mata mai a makon, kada a jira lokacin sabis. Fulogin ƙasa yana da maganaɗisu, laushin toka a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da kake ji a yatsa haƙori ne ko boris ke rugujewa. Idan ka buɗe ogzilarin Toyota jan mai ya kwararo, sil ɗin da ke tsakaninsa da giyabos ya mutu.

Wajen zubawa, kowace da abincinta. Ogzilari da aksil na waɗannan Toyota da Lexus man giya mai alamar GL-5 suke so, 80W-90 ko makamancinsa, giyabos ɗin RX300 kuma T-IV. CR-V ba ta karɓar komai sai man Honda na famfo biyu, wanda aka rubuta wa Dual Pump Fluid. Man giya mai kauri yana kashe ta, domin famfunan nan da ruwan man suke aiki. Haldex ma nata daban ne, kuma a tsofaffin akwai tace da ake canzawa tare. Sayi mai a rufaffiyar roba daga wanda ka yarda da shi, ko a Ƙofar Ruwa kake ko Panteka, ka bar na galan da ba a san asalinsa ba. Ɗura har ya fara dawowa ta bakin ramin, sa sabon washa, ɗaure ba tare da hawa kan sifana ba, gidan alminiyam ne yana tsagewa. Idan CR-V ta ci gaba da gurnani, yi zagayen kwana da ita ka sake canza man, wani lokaci sai a karo na biyu ko na uku farantan ke wankuwa.

A yanayinmu ina canza waɗannan duk kilomita 30,000 zuwa 40,000. Ka tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil 20,000 shi ne kilomita 32,000.

5. Farfela da robobi

Kama farfela ka murɗa ta dama da hagu, ka girgiza ta sama da ƙasa. Wasa a kuros ko jan garin tsatsa a gefensa alamar ya bushe ne. Duba robar da ke riƙe boris na tsakiya ko ta yage. Idan za ka sauke farfela don gyara, sa alli ko fenti a mahaɗarta ka mayar yadda ka same ta, don an daidaita nauyinta ne a haka, juya ta kawai yana kawo karkarwa. Robobin kan shaf takwas ne a nan, ba huɗu ba. Wadda ta tsage a canza ta nan da nan da sabon giris, ƙurar hunturu ba ta ɗaukar lokaci wajen cinye kan shaf.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: kada ka ɗaga gaba kawai ka tayar da inji ka sa giya don sauraron ƙara, kamar yadda ake yi wa mota mai jan gaba. Ƙarfi zai koma ƙafafun baya da ke ƙasa, motar ta sauko daga kan jak da mutum a ƙarƙashinta. Ko huɗun a sama bisa ƙafafun tokare, ko huɗun a ƙasa.

6. Idan fitilu suka kama

A sababbin cikinsu kwamfuta tana sanin santsi ne ta na'urorin ABS da ke kowace ƙafa. Waya ɗaya ta tsinke, sai ta kashe jan baya ta kunna fitilu. A RAV4 ta 2006 zuwa sama, ko matsalar inji ce kawai ta kunna fitilar inji, fitilun 4WD da VSC sukan biyo ta, mutane su firgita su nufi aksil alhali na'urar salansa ce ko kwayil. Karanta lambar matsalar kafin ka sayi komai, kuma kada ka yarda a cire ƙwan fitila. Maɓallin kulle jan huɗu na wannan RAV4 yana sakin kansa idan gudu ya haura kilomita 40 a awa, haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce.

7. Janwe da safaya

Idan ta mutu a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗa. Janwen da ke ɗaga gaba ya bar baya yana gudu a ƙasa yana tilasta wa na'urar tsakiya bambancin da ya fi kowane santsi, kuma tafiya kaɗan ta isa ta ƙone ta. A nan ne kwance farfela yake da amfani na gaskiya, idan babu mai shimfiɗa, a sa alama a sauke ta, a mayar bayan an isa. Ƙaramar safaya ta kai ka wurin mai faci ce kawai, a hankali. A Subaru otomatik mai ramin FWD, sa fiyus ɗin muddin safayar na jiki, ka cire shi da zarar an mayar da taya.

Idan dole sai an bar ta babu farfela

Wani lokaci kayan gyara ba su samu ba, ko aljihun mai mota bai kai ba, ga shi yana buƙatar abin hawa. CR-V da RAV4 ta 2006 zuwa sama za su yi tafiya a matsayin masu jan gaba, tunda dama gaba ne ke ja. Man da za a rage kaɗan ne, don aksil da shaf na baya suna nan suna juyawa da nauyinsu.

Masu difarenshal a tsakiya kuwa, irin RX300 da RAV4 ta 2001 zuwa 2005 da Subaru mai giyar hannu, labarinsu daban ne. Difarenshal yana tura juyi inda ya fi sauƙi, kuma babu inda ya kai bakin da aka cire wa farfela sauƙi. Abin da ke sa motar ta motsa shi ne gwangwanin silikon, wanda aka yi don taimakon daƙiƙoƙi, yanzu ya ɗauki nauyin motar dukan yini. Idan ta yi tafiya garau a haka, sau da yawa alama ce gwangwanin ya riga ya sandare, shi ne ma asalin gurnanin. Idan kuma lafiyayye ne, zai ƙone, wata rana a taka totur inji ya yi ihu mota tana tsaye. Akwai abin da ya fi wannan: giyar P tana kulle abin da ke shiga difarenshal ne, ba tayoyin ba, don haka motar da aka cire wa farfela tana iya silalewa a gangare tana cikin P. A irin waɗannan ba na cirewa. Ina gaya wa mai ita gaskiyar kuɗin gwangwani ko ogzilari na Kwatano, mu gwada wanda za a saya kafin a ɗaura, mu daidaita tayoyi a rana ɗaya don kada sabon ya bi sawun tsohon.

Inda cirewar ta halatta, a faɗa wa mai mota a fili cewa motarsa ta daina ja da baya, kada ya shiga yashi ko taɓo da tsohon zato. A ɗaure notocin a leda tare da farfelar, a rubuta ranar da abin da maleji ya nuna, a ba shi kayansa ya ajiye a inda ruwa ba zai taɓa kuros ɗin ba.